Kulant ɗin Toyota mai ruwan hoda: ya ci kuɗinsa, amma ba ya warkar da motar da ke tafasa

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, kukan masu mota kusan ɗaya ne. Allurar zafi ta tashi a cikin cunkoso, lagireto ya yi amai, bayan kwana biyu bakanike ya ce gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ya ƙone sai an sauke top, wato kan injin. Cikin masu kukan har da waɗanda ke rantsuwa cewa kulant mai tsada, wato ruwan lagireto na musamman, suka zuba, bai tsinana musu komai ba. A kansa wannan sharhi yake, wato Toyota Super Long Life Coolant, bayan aiki da shi a Corolla mai injin 1ZZ-FE ƙirar 2003 zuwa 2008, wadda ta cika titunanmu. A ganina kaya ne mai kyau. Sai dai abin da yawancin mutane ke sayensa dominsa daban, aikinsa daban.

Ana zaton ya fi ruwa sanyaya injin. Gaskiyar magana, ruwa zalla ya fi shi kwasar zafi. Abin da ke cikin galan ɗin rabi ethylene glycol ne rabi tataccen ruwa, an riga an haɗa, ba a ƙara masa komai. Yana jinkirta tafasa: ruwa na tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Jos wajen 96 saboda tudu, shi kuwa wannan haɗin sai wajen 107. Amma babban amfaninsa hana tsatsa da zaizaya. Injin 1ZZ alminiyum ne daga top har bulo, wato gangar jikinsa, haka ma saƙar lagireton. Ruwan burtsatse da fiya wata suna ɗauke da gishirin ƙasa, shi ne ke daskarewa a siraran bututun lagireto, irin farin ɓawon nan da ke kama cikin butar shayi.

Ka samu motar da ta daɗe tana shan ruwan famfo, ka buɗe murfin lagiretonta da safe kafin a tayar da ita, ka haska tocila. Ruwan kamar kunun kanwa, bakunan bututun sun yi fari-fari sun tsuke, in ka shafa yatsa a ƙarƙashin murfin laka za ta biyo ka. A motar da aka wanke da kyau aka zuba mai ruwan hoda, ana hango ƙarfen tas ta cikin ruwan, launin bai dusashe ba. A nan ya burge ni. Kamfanin ya ce motar da ta fito da shi daga masana'anta za ta kai kilomita 160,000 ko shekara 10 kafin canjin farko, daga nan duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Mai tokumbo ya manta da lissafin farko, na biyun ne nasa.

To daga ina ƙorafin yake fitowa? Daga zuba shi a motar da ciwonta ke wani wuri.

Murfin lagireto ne abin da aka fi rainawa, alhali ya fi kulant ɗin kansa hana tafasa. An rubuta 0.9 ko 1.1 a samansa, wato ƙarfin matsin da yake riƙewa. Da lafiyayyen murfi, haɗin da zai tafasa a 107 sai ya kai wajen 125 ko fiye. Da zarar robar murfin ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki, duk wannan rarar ta tafi, ruwan ya riƙa tserewa cikin ƙaramin tankin roba yana zubewa, mai mota yana ta ciko kullum yana zargin kulant. A duba lambar tsohon murfin a sayi daidai da ita. Sanya wanda ya fi ta ƙarfi a tsohon lagireto mai kan roba gayyatar fashewa ce, don robar nan in ta tsufa takan koma ruwan ƙasa ta yi siririn tsagu kusa da wuya.

Sai maganar tamostat, ɗan ƙarfen da ke tare ruwa kada ya tafi lagireto sai injin ya ɗauki zafi, maganar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Har gobe akwai garejin da mota na shigowa daga Kwatano za a cire shi, a haɗa fanka kai tsaye, wai na ƙasar sanyi ne. Tamostat ɗin wannan injin yana fara buɗewa tsakanin digiri 80 da 84, ya gama buɗewa wajen 95. A zafinmu minti kaɗan ne ya buɗe, ba ya tare komai. In aka cire shi, da asuba ko lokacin hunturu injin ba ya kai zafin aikinsa, kwamfutar motar ta ci gaba da ba shi fetur da yawa, baƙin mai ya yi saurin lalacewa. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: a irin wannan tsari, gindin tamostat ɗin shi ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke zagayawa a cikin injin. Babu shi, wani kason ruwan zafi zai riƙa komawa ciki ba tare da ya bi ta lagireto ba. Fankar da aka haɗa kai tsaye kuwa motarta ke saurin ƙonewa, kuma ranar da ta tsaya babu mai gaya maka. Gwajin tamostat ba wuya: a rataya shi cikin tukunyar ruwa a kan wuta da ma'aunin zafi a gefe. In bai motsa ba har 84, ko bai buɗe kusan milimita 10 ba a 95, a sauya shi. Wurin mayarwa, ɗan ƙaramin ƙusan da ke lilo a gefensa ya kalli sama, ta nan iska ke fita.

Ƙurar hunturu da taɓon damina da ke cushewa tsakanin kwandensan AC da lagireto su ma suna da nasu. A wanke daga ciki zuwa waje, da ruwa marar ƙarfi.

Yadda aka zuba shi ma yana da hannu. Motar na cin kusan lita 6 da rabi, galan na Amurka kuma lita 3.78 ne, saboda haka biyu za a saya, ragowar a ajiye don ciko. In magudanar ƙasan lagireto kaɗai aka kwance, ba duka ruwan ke fita ba, wani na maƙale a bulo da hita. Ke nan in an wanke da ruwa aka zuba kulant a kai, an tsinka shi. A kwance magudanar jikin bulo ita ma, wankin ƙarshe kuma a yi shi da tataccen ruwan da ake zuba wa batir, a tabbatar ba mai asid ba ne. A cika a hankali, a kai hita ƙarshen zafi, a tayar da injin murfi a buɗe, ana matsa tiyon sama har kumfa ta daina fitowa, fanka ta kama ta saki. Washegari da safe a sake dubawa, kusan kullum yakan nemi ƙari. Iskar da aka bari ciki takan tsaya a top, wurin ya ɗauki zafi allura ba ta nuna ba. Kada kuma a gauraya shi da koren nan na bakin titi, sinadaransu ba ɗaya ba ne, garwaya su na rage masa ƙarko.

Wani abin da na yaba: in ya yoyo yakan bar ɓawo mai ruwan hoda a wurin. Ganin wannan ɓawo a ƙarƙashin famfon ruwa, bayan fulin da bel ke juyawa, na nufin sil ɗinsa ya fara tafiya. Ruwa zalla bushewa yake ya bar ka cikin duhu.

Aibinsa biyu ne, tsada da jabu. Launi rini ne kawai, kowa na iya rina ruwa ya ɗura a tsohon galan. A duba hatimin bakin galan, a kuma yi shakkar wanda farashinsa ya faɗi warwas. Bakaniken da ke da ma'aunin kulant zai gane tsinkakke cikin minti ɗaya. A kula da tsohon da aka tsiyaye ma: guba ne mai zaƙi, akuya ko kyanwa ko yaro na iya lasa, a ɗura shi a jarka a rufe.

Wanda gasket ɗinsa ya riga ya ƙone, kada ya ɓata kuɗinsa tukuna. Alamun su ne farin hayaƙi mai ƙanshin zaƙi bayan injin ya yi ɗumi, kumfa na ta tasowa a wuyan lagireto, tiyon sama ya yi tauri jim kaɗan da tayarwa, ko ƙarƙashin murfin baƙin mai ya zama kamar shayi da madara. In an sauke top a auna shi da miƙaƙƙen ƙarfe, lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 a wannan injin ta wuce ƙa'ida, sabon gasket ba zai zauna ba. Masu Camry Big Daddy mai injin 2AZ-FE, ƙirar 2002 zuwa 2006, su sa a duba zaren kusoshin top na baya a jikin bulo, sanannen abu ne yakan ɓare a wannan injin, ruwa ya riƙa tsiyaya ta bayan injin ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke shigar wa injin iska.

A hanya kuwa, allura na haura rabi a kashe AC, a kunna hita, a nemi gefe a kashe injin. Rabin awa aƙalla kafin a taɓa murfi, kuma kada a kwara wa top ruwan sanyi. In allurar ta tashi sannan ta sauko da kanta alhali hita na busa sanyi, ruwan ne ya ƙare har na'urar auna zafin ba ta taɓa komai, sai a kira mai janwe.