Faifan 4K na Game of Thrones zango na 8: yaƙin Winterfell ya fito daga duhu

Ranar 28 ga Afrilu 2019 tashar talabijin ta HBO ta haska kashi na 3 na zango na 8 na shirin Game of Thrones mai dogon zango, wato yaƙin Winterfell mai tsawon minti 82, kuma kafin gari ya waye Twitter ta cika da kuka iri ɗaya: ba a ganin komai. Fabian Wagner, wanda ya ɗauki hoton, ya ɗora laifin kan matse bidiyo (rage nauyinsa don aikawa) da kuma talabijin da ba a saita ba. Masoya suka yi masa ca. Faifan 4K Ultra HD da ya fito a Disamba 2019 ya wanke shi a wani ɓangare.

Darakta Miguel Sapochnik ya shafe dare 55 yana ɗaukar yaƙin a Arewacin Ireland, da hasken wuta da hayaƙi da ƙanƙara. Irin wannan hoton shi ne ya fi shan wahala in an matse shi don intanet, domin manhajar matsewa tana fara zubar da bayanan da ke cikin duhu. Bidiyo na yau da kullum mataki 256 yake da shi tsakanin baƙi da fari, na faifan mai HDR (fasahar da ke faɗaɗa tazarar haske da duhu a hoto) kuwa 1,024. Shi ya sa sararin sama ya riƙa fitowa layi-layi, dusar ƙanƙara ta koma dabbare-dabbare. Wanda ya karɓi nasa wajen masu tura fina-finai a waya, abin da ya samu ma ya fi muni, don an sake matse abin da aka riga aka matse.

A faifan, dubi wurin da matsafiya Melisandre ta kunna wa takubban mahayan Dothraki wuta suka ruga cikin dare. Kowace wuta tana tsaye da kanta, kana ganin yadda suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Faɗan dodanni a cikin gajimare, inda mutane suka kasa bambance dodannin uku, Drogon da Rhaegal da Viserion, yanzu ana iya bin sa, ko da yake har yanzu sai an zuba ido. Sautin Dolby Atmos ma ya yi daɗi, musamman kiɗan piyano na Ramin Djawadi kafin Arya Stark ta soke Night King, shugaban rundunar matattu.

Sai dai faifan yana bukatar na'urar 4K Blu-ray, tsohuwar DVD ba za ta karanta shi ba, da talabijin mai HDR. A saiti, fita daga Vivid ka koma Movie ko Cinema, ka kashe Eco da ke rage haske, sannan ka ƙara Backlight. Kada ka taɓa Brightness, don baƙin zai koma toka-toka, fuskoki kuma ba za su fito ba. Kashe fitilar ɗaki. Allon OLED ya fi dacewa. LCD mai araha yakan yi hazo a gefe-gefe.

Abin da faifan bai gyara ba shi ne ƙorafin dabarar yaƙi. An jera majaujawa a gaban sojoji, an tura mahaya cikin duhu ba su san abin da ke gabansu ba, an ɓoye mata da yara a makabartar ƙarƙashin ƙasa alhali abokin gaba yana tada matattu. Masu wannan sukar suna da hujja, kuma a hoto mai kyau kurakuran sun ƙara fitowa ƙarara.