GARGAƊI: N185,000 na biya a yi wa babur ɗin mahaifina kurom (rufin nan mai ƙyalli da ake yi wa ƙarfe), ashe fentin gwangwani aka fesa

Jama'a, kwana huɗu ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma yau sai na faɗa. N185,000. Wani mutum a nan Zariya ya karɓe min N185,000, ya kuma lalata min kayan da ko da kuɗi a hannu ba a samunsu yanzu.

Babur ɗin marigayi mahaifina ne, Honda CD175, da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikata, ya saye shi a 1975 lokacin yana koyarwa. Ya fi shekara ashirin a jingine a zaure. Na ƙudura sai na tayar da shi na hau ranar Sallah. Inji ya tashi, bakanikena ya gama nasa, saura ƙyalli kawai: salansa biyu, madigadi gaba da baya, kan babur, zoben fitila da kariyar ɗora kaya.

Kuma kada wani ya zo yana ce min ban san abin da nake yi ba. Mako uku ina zaune a tsakar gida da samfefa, daga lamba 180 na koma 320 na koma 600, har zanen yatsuna ya shafe. Na cire tsatsa, na wanke maiƙo, ramukan da tsatsa ta ci a gindin madigadi na kai mai walda ya cike min. Na san aikin. Wallahi na san aikin, shi ya sa abin yake ci na.

A wajen wani mai sayar da kayan babur a Sabon Gari na haɗu da mutumin. Ba shagonsa ba ne, zama kawai yake yi, wannan ma daga baya na sani. Ya ɗauki madigadin ya shafa da babban yatsa, a hankali, ya ce, “Malam, kurom ba ya rufa asiri, tonawa yake yi. Duk ƙarjin da ka bari sai ya fito.” To wannan maganar ce ta kashe ni, don gaskiya ce. Ya ce sai an tsoma a wanke da asid, a ɗora jan ƙarfe ya cike ƙananan ramuka, a sake gogewa, a ɗora nikel, shi ne mai ƙyallin kuma mai hana tsatsa, sannan kurom ɗin a ƙarshe, ɗan siriri da bai kai kaurin gashi ba, duk da lantarki a cikin kwatami. Ko kalma ɗaya bai yi kuskure ba. Ku gaya min, waye zai ji haka ya yi zargi? Har yanzu ina ganin yatsan nan nasa a kan madigadin. Ya shafa, ya ɗaga kai, ya ce “aikinka ya yi kyau, Malam.” Ni kuma na ji daɗi, na saki baki.

N120,000 na fara tura masa. A'a, tsaya, kafin nan ma ya nuna min wani rim a bayan babur ɗinsa, kana ganin fuskarka a ciki kamar madubi, ya ce aikin mutanensa ne na Legas. Ranar muka yi La'asar tare, sahu ɗaya. Bayan sallah na tura N120,000 ɗin. Ragowar N65,000 ya ce kuɗin mota ne da ƙarin nikel, wai dala ta tashi. Wannan bayan mako biyar ne, ko shida, lokacin ya fara ɗaukar waya sau ɗaya cikin goma. Ƙanena ya ce, “Yaya, kar ka ƙara masa ko sisi sai ka ga kaya.” Na ce masa yaro ne bai san harka ba. Na tura. N120,000 da N65,000, ku haɗa da kanku.

Da daddare aka kawo kayan, a Kwangila, wani ɗan acaɓa ya miƙo min buhu, kowanne a naɗe da jarida. A hasken waya suna walƙiya. Ban ƙirga ba sai da na isa gida, na tarar babu zoben fitila, kariyar kuma ba tawa ba ce, irin ta sababbin baburan nan ce. Ya ce kuskure ne wajen lodi, za a aiko. Har da haka na yarda.

Muka ɗaura. Daga Tudun Wada ko Kofar Doka ban kai ba na fara jin ƙauri. Na tsaya, salansa ta yi ruwan ɗorawa, ta kumbura tana ɓarewa kamar fatar albasa. Bakanikena ya ɗiga tina, ruwan nan mai narkar da fenti, a tsumma ya shafa wa madigadi sau ɗaya, tsumman ya koma azurfa, baƙin ƙarfe ya bayyana. Babu jan ƙarfe, babu nikel, babu komai. Bai ce min uffan ba, ya miƙo min tsumman kawai. Gara da ya zage ni.

Abin da ya fi N185,000 ɗin ciwo, mutumin ya sa injin gurza ya bi ta kan aikina na mako uku don fenti ya kama. Madigadin gaba ya yi sirara har yana lanƙwasa a hannu. Na je Panteka a Kaduna, na je Kofar Ruwa a Kano, babu irinsa.

Yanzu wayarsa a kashe, mai shagon ya ce shi ma yana bin sa bashi. Hotunan hirarmu ta WhatsApp, rasit ɗin tiransfa biyu da bidiyon tsumman duk suna nan, zan saka su da zarar an gama da maganar ofishin 'yan sanda, an ce kar na fitar da sunansa tukuna.

Ku dai in ba ku ga kwatamin da idonku ba kar ku ba da kaya, kuma ku tafi da tina a aljihu.

Hajiya ta tambaye ni jiya ko babur ɗin Baba zai fita ranar Sallah. Na ce mata ana kan aiki.