Gargaɗi kan masu damfara da sunan sauya mitar gudun tsofaffin manyan motoci

Ina rubuta wannan ne domin 'yan'uwana masu manyan motoci da direbobi, musamman waɗanda har yanzu suke riƙe da tsofaffin motoci masu mitar gudu ta kebul, saboda akwai wani mutum da yake tallata kansa a Facebook da zaurukan WhatsApp na direbobi, yana cewa zai mayar da tsohuwar mita ta koma ta lantarki a cikin awa guda. Na faɗa hannunsa, na yi asarar kuɗi, kuma da Allah bai kiyaye ba da abin ya wuce asarar kuɗi.

Motata tsohuwar DAF ce da take ɗaukar hatsi daga Dawanau zuwa kudu. Kebul ɗin mitarta ya tsinke sau biyu a cikin shekara guda, kuma allurar ta daɗe tana rawa, don haka da na ga tallan sai na ɗauka mafita ce ta zo. Bidiyon da yake yaɗawa yana nuna mita mai haske da lambobi manya, yana cewa daga Jamus aka shigo da ita, sannan ya ƙara da maganar da ta fi jan hankalina, wato wai mitar tana ɗauke da na'urar taƙaita gudu, kuma zai ba da takardar da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa za su karɓa a kan hanya. Ya nemi rabin kuɗi kafin alƙalami zuwa wani asusu mai sunan mutum, ba sunan kamfani ba. Da na tambaye shi inda shagonsa yake, sai ya ce ai ba sai na wahala ba, zai turo yaronsa har inda motar take.

Kafin in faɗi abin da yaron ya yi, ya kamata a san yadda aikin gaskiya yake, domin da rashin sanin nan ne suke cin kasuwa. Tsohuwar mita tana aiki ne da wata waya da take juyawa a cikin bututu, ƙarshenta ɗaya yana maƙale a giyabos a wurin da juyi yake fita zuwa tayoyin baya, ɗayan kuma yana juya maganaɗisu a bayan mitar, shi kuwa maganaɗisun yana jan wani ɗan kofin alminiyam da allurar take kansa. Idan za a sauya ta da ta lantarki, ana cire kebul ɗin, a ɗaura wata ƙaramar na'ura a daidai ramin da ya fito a jikin giyabos, wadda take aika bugun lantarki duk lokacin da sandar ta juya. Galibi wayoyi uku gare ta: ta wuta, ta ƙasa, da ta saƙo. Bayan haka dole ne a saita mitar ta san bugu nawa ne yake daidai da kilomita ɗaya, kuma wannan adadin yana bambanta daga mota zuwa mota gwargwadon girman taya da giyar aksul na baya. Akwai kuma hanya ta biyu, wato mita mai karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam, wadda ba ta bukatar komai daga giyabos sai ɗan eriya. Duk mitar da ba ta karanta juyin da yake zuwa tayoyi ko saƙon tauraron ɗan'adam, to ba gudun mota take aunawa ba.

Yaron da aka turo bai shiga ƙarƙashin motar ba ko sau ɗaya. Direbana ne ya lura da haka, amma da ya yi magana sai aka ce masa wannan sabuwar fasaha ce da ba ta bukatar a taɓa giyabos. Ya datse tsohon kebul da filaya, ya ja wata siririyar waya zuwa wajen inji, ya cusa sauran tarkacen a bayan dashbod, mita ta kama da haske. Da aka tayar da mota tana tsaye, sai lamba ta bayyana maimakon sifili, shi kuwa ya ce haka take sai ta yi tafiya mai nisa kafin ta daidaita kanta. Na biya cikon kuɗin, ya miƙo mini takarda mai hatimi, ya hau babur ya tafi.

Abin da ya yi, kamar yadda wani mai gyaran wayarin mota ya nuna mini daga baya, shi ne ya jona mitar da wata kafa mai alamar W a jikin altaneta, wato na'urar da take cajin batir. Wannan kafar tana nan a kan altanetar injunan dizal da yawa, kuma amfaninta shi ne ba da saƙo ga agogon da yake nuna juyin inji. Ma'ana, mitar da na saya juyin inji take karantawa, ta rubuta shi a matsayin kilomita a awa. An murɗa ta ne yadda idan mota tana giyar ƙarshe a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya lambar za ta yi kusa da gaskiya, shi ya sa gwajin minti biyar ba ya tona asirinsu. Amma idan mota tana hawan tudu da lodi a ƙaramar giya, inji yana kururuwa, sai mitar ta nuna gudun da ba a yi, idan kuma aka taka kuloci a gangara, inji ya lafa alhali mota tana ƙara wuta, sai lambar ta faɗi ƙasa. A nan hatsarin yake. Direbana ya ce a wata gangara da dare ya dubi mita ya ga ƙaramar lamba, amma jikinsa ya ba shi cewa motar ta wuce haka nesa ba kusa ba, kuma da ya gaskata mitar maimakon shekarun da ya yi a kan sitiyari, da bai fara taka birki a kan lokaci ba.

Bayan mako biyu mitar ta mutu gaba ɗaya, hayaƙi ya fito daga bayan dashbod. Da aka buɗe sai aka ga ta ƙananan motoci ce mai volt 12, alhali motata, kamar yawancin manyan motocin Turai, batir biyu gare ta a jere masu ba da volt 24. Sun saka wani ɗan abin rage wuta mai arha, sun naɗe shi da salatif, babu ko fis a kan layin.

Takardar kuwa ita ce ta fi ba ni kunya. Tun daga 1 ga Fabrairu 2017 hukumar ta fara tilasta wa motocin haya saka na'urar taƙaita gudu, kuma tana da dillalan da ta amince da su domin wannan aikin. Na'urar taƙaita gudu aikinta shi ne ta rage man da yake shiga inji idan mota ta kai iyakar da aka saita, mita kuwa, ko ta kebul ko ta lantarki, nunawa kawai take yi, ba ta iya hana mota gudu. Duk mai cewa mitarsa ta wadatar, ƙarya yake yi. Da direbana ya nuna takardar a wani shinge, jami'in bai ɓata lokaci ba ya ce masa ta jabu ce, kuma sai da aka sha doguwar magana kafin ya yarda cewa mu ma cutarmu aka yi.

Wanda aka riga aka saka wa irin wannan mita zai iya gane gaskiyarta yau ba tare da ya biya kowa ba. Ya tayar da mota tana tsaye, giya a firi, ya taka totur. Idan lambar gudu ta motsa, to da inji aka jona ta. Sannan ya fita kan hanya, yaron mota ya riƙe waya mai manhajar auna gudu, a kwatanta su a giya daban-daban, ba a giyar ƙarshe kaɗai ba. Ko babu waya ma akwai lissafi mai sauƙi: motar da take gudun kilomita 60 a awa tana cin kilomita ɗaya a cikin minti ɗaya cif. A kuma duba ko mil mitar take ƙirgawa, domin mil ɗaya ya ɗan haura kilomita 1.6, don haka mai ganin 50 a mitar mil yana gudun kusan kilomita 80 ne.

Wanda kuma bai saya ba tukuna, ya nemi a nuna masa na'urar da za a ɗaura a giyabos ya riƙe ta a hannunsa, ya karanta volt ɗin da aka rubuta a bayan mitar, kuma kada ya yarda a datse tsohon kebul, a kwance shi a ajiye. Kada a tura ko sisi ga wanda ba shi da shagon da za a iya komawa a same shi. Ni da na kira lambarsa bayan mitar ta ƙone, sau ɗaya ya ɗauka, ya ce laifin batirina ne, daga nan ya toshe ni. Shafin da na gan shi ya ɓace, amma kwanan nan wani abokina ya turo mini bidiyon nan dai, da murya ɗaya da mita ɗaya, a ƙarƙashin sabon suna da sabuwar lambar waya.

Na kai ƙorafi banki da kuma wurin 'yan sanda tare da shaidar tura kuɗin da takardar jabun. Motar kuwa, bakanikena ya samo mini kebul na hannu ya mayar da tsohuwar mitar, ya shafa wa wayar giris, allurar ta daina rawa, kuma da ita ake tafiya yanzu.