Manhajar Kahoot! a Cikin Aji: Abin da Take Iyawa da Inda Take Gazawa

Kahoot! manhaja ce ta gasar kacici-kacici da aka ƙirƙira domin makarantu, wadda ta fito a shekarar 2013 daga ƙasar Norwe. Johan Brand da Jamie Brooker da Morten Versvik ne suka kafa ta, bisa binciken da aka faro a jami'ar kimiyya da fasaha ta birnin Trondheim tare da Farfesa Alf Inge Wang. Na daɗe ina amfani da ita wajen koyarwa, kuma ina ganin ta cancanci a yi mata duba na adalci, domin yabon da ake yi mata ya kan rufe wasu kurakuran da ya kamata kowane malami ya sani kafin ya shigar da ita ajinsa.

Yadda take aiki ba shi da wuya. Malami zai shirya tambayoyinsa a kwamfuta, ya haska su a babban allo, sai wata lamba ta bayyana wadda kowane ɗalibi zai shigar a wayarsa ko kwamfutarsa, ya rubuta sunan da yake so a san shi da shi. Ɗalibi ba ya buƙatar yin rajista, kuma wannan kaɗai yana ceton lokaci mai yawa. Galibi tambaya tana zuwa da zaɓin amsoshi har huɗu, kowanne da launinsa da siffarsa: ja, shuɗi, ruwan ɗorawa da kore. Agogo yana tafiya, kiɗa yana tashi, kuma bayan kowace tambaya ana nuna sunayen mutum biyar da ke kan gaba.

Ta fuskar jan hankalin ɗalibai, ban ga abin da ya kama ƙafarta ba. Ajin da ya yi laushi bayan dogon bayani yakan farfaɗo da zarar lambar shiga ta bayyana a allo. Abin da ya fi burge ni shi ne ɗalibin da ba ya taɓa ɗaga hannu saboda kunya ko tsoron a yi masa dariya, wanda a nan yake amsa kowace tambaya, domin kuskurensa ba ya fitowa da sunansa a gaban jama'a. A tsarin da aka saba, malami yana jin amsar mutum ɗaya ne ko biyu, kuma galibi su ne waɗanda dama sun gane darasin. A nan kuwa kowa sai ya ba da tasa.

Amma a ganina mafi darajar abin da manhajar ke bayarwa yana zuwa ne a daƙiƙun da ke biyo bayan ƙarewar lokaci, sa'ad da allo ya nuna adadin waɗanda suka zaɓi kowace amsa. Idan malami ya tambayi wanne ya fi girma tsakanin ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu, sai ya ga rabin ajin sun zaɓi ɗaya bisa huɗu, nan take ya san cewa suna kallon lambar ƙasa ne suna ɗauka girmanta shi ne girman kason. Wannan ruɗani ne da zai iya ɓuya har zuwa ranar jarrabawa. Malamin da ya dakata a nan, ya nemi wani ya bayyana dalilin zaɓinsa, ya koma kan allo ya warware matsalar, shi ne ya ci moriyar manhajar. Wanda ya danna ya wuce tambaya ta gaba domin kada armashin wasan ya ragu, ya yi asarar abin da ya fi komai amfani. Akwai kuma rahoton da take adanawa bayan wasa, wanda ke nuna tambayoyin da suka fi ba ɗalibai wuya da kuma ɗaliban da ke buƙatar ƙarin taimako.

Babban abin da nake ƙorafi a kansa shi ne tsarin maki. Amsar da ta yi daidai tana iya kawo maki har 1,000, amma makin yana raguwa gwargwadon jinkirin mai amsawa, har ya kai kusan rabi ga wanda ya amsa a ƙarshen lokaci. Sakamakon haka, ɗalibai sukan koyi danna amsa kafin su gama karanta tambaya, sauri ya haifi nawa ke nan. Ɗalibin da ke tunani a natse, ko wanda karatu ke ɗaukar masa lokaci, ko wanda ke koyo da harshen da ba nasa ba, yakan sami kansa a ƙasa ko da ya fi kowa fahimta, kuma idan hakan ya maimaitu sai gwiwarsa ta yi sanyi. Wannan yana damuna ƙwarai, domin irin waɗannan ɗaliban ne suka fi buƙatar ƙarfafawa. Manhajar ta ba da damar tsawaita lokaci, da cire maki daga tambaya, da raba aji zuwa ƙungiyoyi, kuma ina ba da shawarar a riƙa amfani da su akai-akai.

Tambayoyin dole su zama gajeru, saboda haka ta fi dacewa da bitar abin da aka riga aka koyar, ba ta da ƙarfi wajen auna iya bayani ko kafa hujja. Tana buƙatar intanet mai ƙarfi, kuma ɗalibin da sadarwarsa ta yanke a tsakiyar wasa yakan rasa tambayoyi ba da laifinsa ba. Wasu nau'o'in tambaya, kamar jera abubuwa bisa tsari, suna cikin ɓangaren da ake biyan kuɗi, ko da yake na kyautar ya wadatar wa mai farawa.

Ga malamin da ke son gwada ta, ina ganin tambayoyi takwas zuwa goma a ƙarshen darasi ko a farkon na gaba sun isa, a rubuta amsoshin da ba daidai ba daga ainihin kurakuran da ɗalibai suka saba yi, sannan a ware wa tattaunawa lokacin da ya fi na wasan kansa yawa.