Pyrex ko Arcopal: kifa kwanon ki duba gindinsa

'Yar'uwa, kin ce kin gaji kwanuka biyu na farin gilashi daga kabet ɗin kakarki, dukansu da zanen fure, ɗaya da nauyi ɗaya sakayau, kuma kowa a gida Pyrex yake kiran su. Kina so ki san ko kamfani ɗaya ya yi su. Bisa yadda kika kwatanta, da wuya. Mai nauyin ya fi kama da Pyrex, ɗayan kuma Arcopal.

Kada ki biye wa furen. Kamfanoni da yawa sun yi zane masu kama da juna, fure ba ya raba gardama. Kifa kwanon, ki wanke gindinsa, ki karkata shi wajen haske. Tambarin a jikin gilashin aka zuba shi, wani lokaci yatsa kan riga ido jin sa.

Pyrex iri biyu za ki fi haɗuwa da su. Na Amurka kamfanin Corning ne ya fara shi a 1915, masu launi kuma suka fito a 1945. Gindinsu na ɗauke da sunan PYREX, da "Made in U.S.A.", da lamba mai alƙaluma uku. Lambar nan ba shekara ba ce, samfuri ce. Jerin kwanukan kwaɓi na farko su ne 401 shuɗi, 402 ja, 403 kore, sai babbansu 404 ruwan ɗorawa. Daga 441 zuwa 444 kuma masu kunne biyu ne, ɗaya kunnen ya fi faɗi. Launin a bayan kwanon yake kawai, cikinsa fari tas. Idan mai murfi ne duba murfin ma, don kwano mai lamba 475-B murfinsa 475-C ne. A gwanjo sau da yawa ana ɗora wa kwano murfin da ba nasa ba, kuma hakan na rage masa daraja.

Na biyun shi ne na Ingila, wanda kamfanin James A. Jobling ya yi a garin Sunderland da izinin Corning tun farkon shekarun 1920. Alamarsa kambin sarauta da haruffan JAJ, tare da "Made in England". Corning ya karɓe kamfanin a 1973, daga baya JAJ ta ɓace daga tambarin, masana'antar kuma aka rufe ta a 2007. Saboda haka in kin ga JAJ, kwanon ya kwana biyu. Nawa hasashen naki mai nauyin wannan ne, ganin yadda kayan Ingila suka cika kantunan Nijeriya a zamanin kakanninmu. Shi ne kuma ya fi rikitarwa, domin yawancinsa fari ne da fure a gefe, kamar dai Arcopal.

Arcopal ɗan Faransa ne, daga garin Arques, ya fito a 1958, kuma kamfani ɗaya ne ya yi shi da kayan gilashin Luminarc da Arcoroc. Tambarinsa "arcopal France". Ko tambarin ya dushe, hannu zai gaya miki: ba shi da kauri, bakinsa siriri, in kin ɗaga shi wajen taga za ki ga inuwar yatsunki ta jikinsa. Pyrex mai fari yana da kaurin baki, haske ba ya ratsa shi sosai. A farashi kuwa masu tara tsofaffin kaya sun fi zuba kuɗi a Pyrex na Amurka mai launi, musamman in jerin ya cika. Arcopal an yi shi da yawan gaske, shi ya sa yake da araha. Amma wajen amfanin yau da kullum ni shi na fi so, ba ya gajiyar da hannu, ba ya cin wuri a kabet.

Wata ƙila ki kifa ki ga ba ko ɗaya. In kin ga "Fire-King", na kamfanin Anchor Hocking ne a jihar Ohio ta Amurka, tun daga 1942, wasu da hoton ƙugiyar jirgin ruwa. Harafin F a cikin garkuwa na Federal Glass ne. Babban H da ƙaramin A a ƙarƙashinsa kuwa Hazel-Atlas ne, ba Anchor Hocking ba, ko da yake 'yan kasuwa da yawa haka suke sayar da shi.

Kafin ki gama tantancewa, kada soson ƙarfe ko toka su taɓa bayansu, zanen na kankaruwa kuma ba ya dawowa. Kada kuma ki aza ko ɗaya a kan risho ko gas. Ruwan ɗumi da sabulu da soso mai laushi sun isa. In tambarin ya ƙi karantuwa, shimfiɗa farar takarda a kai ki goga fensir a hankali, haruffan za su fito.