Kwas ɗin talla na Google da na yi a waya, ga yadda na same shi

Ni dai tun ina yarinya talla ke burge ni wallahi, in ana tallan omo ko magi a rediyo sai in haddace in riƙa maimaitawa a tsakar gida har Hajiyarmu ta ce wannan yarinya gidan rediyo za ki ƙare. Burina kenan in karanta aikin jarida a BUK, to Allah bai nufa ba, aure ya zo, yara uku, ga aikin sakatariya a wata makarantar kuɗi daga bakwai da rabi har ƙarfe uku, ga ɗan turaren wuta da humra da nake sayarwa a status.

A 2021 wata abokiyar aikina ta nuna min Fundamentals of Digital Marketing na Google, wato kwas ɗin koyon talla ta intanet, kyauta ne sai dai kuɗin data. An raba shi kashi 26 ne lokacin, kusan awa 40, bidiyo gajeru gajeru kina gamawa a jefo miki tambayoyi, abin da ya sa na iya kenan. Sai in jingina wayar da fulas ina tuƙa tuwo ina saurare, ko bayan isha'i in autana ya yi barci a bayana. Wata biyu na ɗauka, da Turanci ne amma mai sauƙi, inda ya shige min duhu in mayar baya.

Darasin da ya fi shiga raina shi ne na sanin wa kike yi wa magana. Da hoton kwalba kawai nake sawa in rubuta akwai turare, shikenan. Da na zauna na duba sai na ga yawancin masu saye na iyayen amare ne da masu jego, sai na koma rubuta musu kai tsaye, wane turare ya dace da ɗakin amarya, kwana nawa ƙamshin ke yi a labule, kuma ina sawa da daddare lokacin da mata suka huta suka ɗau waya. Tambayoyin da ke shigo min sun canza sosai.

Jarabawar ƙarshe tambaya 40 ce, na ci na samu satifiket, maigidan ne ma ya kai aka buga min. 'Yar'uwa in kina aiki ga yara ki gwada shi. Ni yanzu fom ɗin NOUN, jami'ar nan ta karatu daga gida, nake tara wa kuɗi, aikin jaridar nan dai in sha Allahu.