Daga Landan: batun na'urar nuna hanya da ka ce in sayo maka

Ƙanena, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da su Inna da yaran gida gaba ɗaya. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton na'urar da kake so in sayo maka ka ɗaura a kan Boxer ɗinka saboda aikin kai saƙo. Tunda wasu abokan sana'arka ma sun yi min irin wannan magana, gara in rubuta a buɗe kowa ya karanta. Amsar dai ita ce ba zan sayo ta ba, kuma ba rowa ce ta sa ba. Ka ji yadda abin yake a nan tukuna, sannan ka auna da Kano.

Wadda ke cikin hotonka Garmin zūmo XT ce, ta fito a 2020, fuskarta inci 5.5. Kaya ne na gaske, ba ni da abin kushe mata. Ruwan sama ba ya shigarta, ana ganin rubutunta ko rana ta take, tana kuma jin yatsa ko mutum na sanye da safar hannu. Akwai wadda ta biyo bayanta, XT2 mai inci 6, ta 2023, akwai kuma TomTom Rider 550. Kowaccensu ɗaruruwan fam ce. To amma su wa ke ɗaura su? Masu manyan babura ne irin BMW, waɗanda in hutu ya zo sai su hau jirgin ruwa a Dover su tafi yawon duwatsun Faransa da Italiya. Mu masu kai abinci, da mu da 'yan Brazil da 'yan Aljeriya da 'yan Bangladesh da ke jeruwa ƙofar gidajen abinci da yamma, waya ce a kan mashin ɗin kowa. A wayar oda ke shigowa, daga Deliveroo ko Uber Eats ko Just Eat, a cikinta kuma taswirar take. Ƙari a kan haka, wadda ake sayarwa a shagunan nan taswirar Turai ce a cikinta. In ta isa Kurna, sai an nemo mata taswirar Najeriya daban kafin ta yi maka wani amfani.

Abin da ya kamata ka kashe wa kuɗi shi ne mariƙin waya. A nan dole ce ma ta sa. Doka ta hana mutum riƙe waya a hannu yana bisa mashin, ko da danja ce ta tsayar da shi, ko cunkoso. Tun 25 ga Maris 2022 aka ƙara tsaurara ta, har taɓa waya a hannu don duba lokaci laifi ne. Tarar fam 200 ce da maki 6 a kan lasisi, kuma wanda ya tara maki 12 cikin shekara uku kotu na iya hana shi tuƙi. Ka ga kamu biyu ya isa ya zaunar da magidanci a gida. Shi ya sa ba za ka ga irin abin da muka saba gani a Titin Zoo ba, mutum ya cusa waya cikin hular kwano ko ya maƙale ta da kafaɗa yana murɗa totur.

Mashin ɗina Honda PCX 125 ne, ƙarfen kansa a fili yake, saboda haka ɗaurin bai ba ni wahala ba. Masu Yamaha NMAX, da yake an rufe nasu da roba, a gindin madubi suke ɗaurawa. Ni Quad Lock nake amfani da shi. Gida ne na musamman da ake saka waya a ciki, mai gurbi a baya, ka ɗora shi a kan mariƙin, ka ɗan danna, ka murɗa, sai ka ji ya ce ƙas, shi ke nan ta zauna, ko rami ka faɗa ba ta tashi. Wasu sun fi son na RAM, mai ƙwallon roba da ake juyawa duk inda aka ga dama. Ko wanne ne, wajen ɗaurin ake gane mai lura. Kafin ka ƙarasa ɗaure noti, hau mashin ɗin ka zauna yadda ka saba zama, ka ga ko wayar ta kare maka agogon gudu. Sannan ka juya kan mashin har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu, ka tabbatar ba ta dukan tanki, ba ta kuma matse wayar birki ko ta kuloci ba. Ka ɗaga ta sama gwargwadon hali, yadda ido zai sauka ya dawo kan titi ba tare da ka sunkuyar da kai ba.

Akwai kuma jijjiga, wadda masu sayar da mariƙin arha ba za su gaya maka ba. Kyamarar manyan wayoyi tana da wasu 'yan sassa masu motsi a ciki, su ke hana hoto rawa. Karkarwar injin babur tana lalata su a hankali, wata rana ka buɗe kyamara ka ga hoto na kaɗawa ya ƙi tsayawa. Kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi a kan haka a Satumbar 2021, ya ce ko a ƙananan babura a sa mariƙi mai robar rage jijjiga. To wannan a kan kwaltar Turai ke nan. Kai da ke bin hanyar Rijiyar Zaki da ta Ɗorayi da damina, shawarata ka nemi tsohuwar waya mai sauƙin kuɗi ka ware ta don taswira, babbar kuma ta zauna a aljihu.

Batun wuta gajere ne. Taswira na shan caji sosai, saboda fuskar waya a kunne take yini guda. Nawa mashin ya zo da wurin caji a 'yar akwatin gaba. In naka babu, ka sa mai wayarin ya ja maka daga layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, ya kuma sa fiyus a tsakani. In ya haɗa kai tsaye da batir, zai riƙa tsotsa ko mashin na kashe.

Wani abu da na ga ana rububinsa a nan amma ban yarda ka saya ba shi ne jakar roba mai zif da ake rufe waya a ciki. Mu ruwa ne matsalarmu. Yayyafi na sauka a kan gilashi, sai wayar ta ɗauka yatsa ne, ta fara buɗe abin da ba a sa ta ba, ga sanyin hunturu da ke sa dole a sa safar hannu mai kauri. Ku kuwa rana ce. Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, Kano kuwa a watan Afrilu tana haura 40. Ka rufe waya cikin roba a wannan rana, tana caji tana taswira, fuskarta za ta dushe, cajin ya tsaya, daga nan ta ce sai ta huce. A bar ta a buɗe iska na dukanta, in ka tsaya ka juya mata baya ga rana.

Yanzu ga inda nake so ka fi natsuwa. Abin da ke sa taswira aiki a Landan ba ya cikin na'urar, a ƙasa yake. Kowane titi da sunansa a rubuce a kusurwa, kowane gida da lambarsa, sannan ga lambar gidan waya, wadda aka fara gwadawa a garin Norwich a 1959 aka gama rarraba ta ƙasa baki ɗaya a 1974. Lamba ɗaya gidaje kamar 15 take ɗauka a matsakaici, wani babban gini ma tasa ce shi kaɗai, kamar Fadar Buckingham mai SW1A 1AA. Haruffa biyar zuwa bakwai kawai zan rubuta, wayar ta kai ni bakin layin mutum. Tamu mai alƙaluma shida, irin 700001 ta Kano, yanki guda take nunawa, kuma wa ka taɓa ji ya ba da ita a kwatance? Mu namu shi ne: in ka wuce gidan mai ka karya hagu, za ka ga masallaci mai koren fenti, ka tambayi mai shayi gidan Alhaji wane. A Sabon Gari da Nassarawa, inda tituna ke da suna a jere, taswira za ta yi maka aiki. Amma ka shiga lungunan cikin Birni, bayan Kasuwar Kurmi ko Jakara, Garmin ɗin fam ɗari-ɗari da wayar dubu talatin duk ɗaya suke, domin abin da ba a zana ba babu mai nuna maka shi. Can matambayi ne ba ya ɓata.

Kada kuma ka ɗauka nan komai sumul ne. Manyan rukunin gidaje na gwamnati suna da ƙofofi da yawa, taswira ta ajiye ka a bayan gini inda katanga ce, ƙofar shiga kuma tana wani titin. Sai ka sauka da jakar abinci kana zagaye kana neman lamba a cikin duhu, a ƙarshe dai waya za ka buga wa mai odar, ya leƙo ta taga yana ɗaga maka hannu. A unguwar Canary Wharf kuma dogayen gine-gine na rikita saƙon tauraron ɗan'adam, ɗigon da ke nuna inda kake sai ya yi tsalle ya koma titin da ke gefe. Sannan na'urar ba ta san irin lasisin da ke aljihunka ba. Yawancin masu kai abinci da takardar koyo ta CBT suke aiki, mai shekara biyu, wadda ba ta wuce inji 125, da jan harafin L gaba da baya. Mai ita ba shi da izinin hawa manyan hanyoyi masu shuɗin allo irin M4 da M11. In bai shiga saiti ya ce a kauce musu ba, muryar za ta tura shi can hankalinta kwance. Haka layin bas: wani an yarda babur ya bi, wani ba a yarda ba, sai ka duba allon ka ga ko da hoton babur. Ba ɗan KAROTA a tsaye da za ka ba haƙuri. Kyamara ce, takardar tara kuma ta same ka har gida.

Wani abu da ya burge ni, duk da wannan ci gaba, direban baƙar tasi a Landan ba ya samun lasisi sai ya haddace gari da ka. Jarrabawa ce da ta samo asali tun 1865, hanyoyi 320 ake bi a faɗin mil shida daga Charing Cross da ke tsakiyar Landan, mutum kan yi shekara uku zuwa huɗu yana koyo, kuma a kan ƙaramin babur suke yawon haddar. Duk sanda na ga ɗayansu sai in tuna tsofaffin 'yan acaɓar Kano kafin a hana sana'ar a Janairun 2013, waɗanda ko sunan mai gida kaɗai ka faɗa a Fagge sai su dire ka a ƙofar zaurensa. Su babu wanda ya ba su takarda.

To abin da za ka yi da wayarka ga shi. Saƙon GPS kyauta ne, daga taurarin Amurka yake saukowa, masu nisan kilomita kusan 20,200, kuma ba ya cin data. Hoton taswirar ne ke ci. Ka samu wuri mai intanet ka sauke taswirar Kano gaba ɗaya a Google Maps, za ta yi maka aiki ko babu sabis, sai dai ba za ta nuna cunkoso ba. Kun ma fi mu da abu ɗaya: tun Yulin 2019 Google ya sa muku zaɓin hanyar babur a Najeriya, har da murya mai Turancin gida, mu kuwa na mota muke bi, ko mu koma wata manhajar taswira mai suna Waze. Kowace Hajiya da za ka kai wa kaya, ka roƙe ta ta turo maka inda take ta WhatsApp tana tsaye a ƙofar gida, ba daga cikin ɗaki ba. In ka isa, ka adana wurin da sunan da za ka gane. Kafin shekara ta zagayo kana da taswirar kwastomominka da babu kamfanin da ke da irinta.

Wajen ciniki kuwa kowa da inda ya fi. A nan abin da ka saya ta intanet kana da kwana 14 ka fasa ko ba dalili, in kuma da aibi ya zo kana da kwana 30 ka mayar a ba ka kuɗinka. Wannan na so a ce muna da shi. Amma aikin hannu, ina! Jan wayar cajin da mai wayarin zai yi maka a gindin bishiya kafin ka gama shan fura, a nan sai ka kira gareji an ba ka rana, kuma da awa ake lissafin kuɗin aiki. Jabun kaya ma akwai su birjik a intanet, da suna da fenti duk iri ɗaya, sai robar ta tsage ka gane.

Ƙwacen waya kuma kada ka ce na Kano ne kawai. A nan yara ne a kan kekunan lantarki, fuska a rufe, su fizge su wuce. Duk sanda zan sauka, ko ƙofa ɗaya zan ƙwanƙwasa, sai na cire wayar na sa aljihu. Kai ma ka riƙe wannan, musamman bayan magariba.

Akwai mai tahowa gida bayan Sallah, zan ba shi mariƙi da robar rage jijjiga da wurin caji mai murfi saboda ƙurar hunturu. Ka sa bakanikenka ya auna kaurin ƙarfen kan mashin ɗin, galibi milimita 22 ne a ƙananan babura, ka kuma turo min sunan wayar da za ka ware, domin gidan wayar sai ya dace da ita. Ka gaida Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana cikin kayan.